Gwangwani Bakwai da Rabi, A Shafe

Zongo, Kwatano, 14 ga Afrilu, 1996

Zuwa ga ƙanwata Bibata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da maigidanki da yara, Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan lafiya lau. Zaɓe ya wuce, gari ya lafa, ƙanenmu Idrissou ya koma tuƙinsa. Inna ƙafar ce dai ke damunta, amma bakin nan nata yana nan daram.

Direban motar garinku Malanbil ya kawo mini takardarki ranar Talata, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Kin ce fasasshen waken nan na Turawa, puwa kase, da aka ba ki ki riƙa dafa wa ’yan lakwal, wato yaran makaranta, kilo sittin na kwana ashirin, ya ƙare a kwana na goma sha bakwai, har direkta, shugaban makarantar, ya fara tambayar maƙwabta ko ana ganin irinsa a tukunyar gidanki. Kin ce idan aka sake haka a watan gobe za a karɓe aikin. Aikin ma da sauƙi, sunan ɓarauniya ne ba zan yarda a liƙa miki ba.

Bibata, laifin nawa ne. Da kika rubuto a watan azumi cewa takardar masu ba da waken kilo uku ta ce kullum, ke kuma ba ki da sikeli, ni na aiko miki cewa kilo ɗaya gwangwanin madara bakwai da rabi ne. Lissafin daidai yake, sai dai na manta kalma ɗaya: a shafe. Jiya na ɗauki gwangwani na tafi shagon Alhaji Kassoum a unguwar Vêdoko, na zauna gaban sikelinsa ina awo yana yi mini dariya. Gwangwani a shafe giram ɗari da talatin da biyar ne. Da na cika shi yadda Inna ta koya mana a kasuwar Saint-Michel, har da tsororuwa, hannu yana tare gefe, sai ya tashi ɗari da sittin da biyar. Na san hannunki, ya fi nawa sakewa. Ke nan kullum kina zuba fiye da rabin kilo a kan ƙa’ida, ga kwanakinki uku inda suka tafi.

Saboda haka kilo uku gwangwani ashirin da biyu da rabi ne. Ki cika, ki bi bakin da bayan wuƙa, abin da ya zube ya koma buhu. A bushe za ki auna, kafin wanki, don da ya sha ruwa ya kumbura lissafi ya rushe. Na ba direba gwangwanin da na gwada da shi, kada ki sauya da na tumatir.

Inna da ta ji ta ce ita ba ta taɓa ganin inda ake shafe wa yaro awo ba, wai wannan rowa ce. Na ce mata buhun ba namu ba ne. Idrissou kuma ya ce mu saya miki cikon ki mayar shiru, na hana, domin ranar da aka gan ki kina mayarwa a ɓoye an gama yarda cewa kin ɗauka. Ki sa direkta ya aro sikeli wajen masu shinkafa, ki kira iyayen yara biyu, ki auna a gabansu yadda kika saba, sannan ki auna a shafe. Su gani da idonsu cewa waken nan cikin ’ya’yansu ya shiga.

Ki gaida Malam Muhyiddeen, da Zahida, da Dija ƙarama. Hamsatou tana gaishe ki. Ranar awon kada ki yi kuka, kuma kada ki ba kowa haƙuri, ba ki ci na kowa ba.

Yayarki,
Saoudatou