Igiyar injin Tata

Tanti Viorica, don Allah ki agaza mini, kaina ya kulle.

Mahaifina, Tata Gavril, kafinta ne a wani ƙauye kusa da garin Sighet, akwatunan kiwon zuma yake yi. Injinsa na fere katako, wanda ya kwaso a keken doki da aka rufe ma'aikatar gwamnati, wutar layi uku yake ci, gidanmu kuwa layi ɗaya aka ja mana. In ka kunna shi haka kawai sai ya yi ta gurnani yana zafi, ba zai juya ba. Dabarar Tata ita ce a naɗa igiya a ƙarfen da ke juya injin, mutum ɗaya ya fizga da ƙarfi, ɗayan ya buga makunni. Tun ina yarinya Mama ce mai fizga. Bara ta rasu, igiya ta dawo hannuna.

Kullum da safe sai na hau tudun da gidan Tata yake kafin in tafi gidan burodin da nake aiki. Ina isa zan tarar ya dafa kofi, kofuna biyu a kan benci, kuma ba a taɓa igiya sai an sha. Ga surutu! Wai fizgata kamar ta kazar da ba ta karya ba, wai Mama da hannu ɗaya take yi. Ni kuma ina ta makara, mai gidan burodi ya fara harara.

Na gaji, na sayo masa inbata mai mayar da layi ɗaya zuwa uku, a danna kawai. Ko kwalin bai buɗe ba, ya ɗora tulun kabeji a kai. Ranar da 'yata ta yi zazzaɓi ban je ba, washegari na tarar da hannunsa a naɗe da tsumma. Ashe shi kaɗai ya fizga, igiyar ta kama yatsunsa. Na yi masa faɗa har na yi kuka. Wallahi ina tsoron ranar da zan tarar babu hannun. Ko in sa a kwashe injin ne?

Wadda ta gaji da hawa tudu

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Tsoronki gaskiya ne, gajiyarki ma ba laifi ba ce. Amma kada ki taɓa injin nan. Kafintan da aka raba da injinsa zama zai yi yana kallon bango.

Na tambayi mai aikin wuta. Ya ce igiyar haɗari ce, kuma injin yana wahala a haka, ƙarfinsa ma ba ya cika. Inbatar za ta iya, in girmanta ya dace. Amma sai ma'aikaci ya karanta farantin bayanan da ke jikin injin, ya ga ko za a sauya haɗin wayoyinsa, ya kuma duba ko wutar gidan za ta ɗauka. Kada Tata ya haɗa da kansa.

Saura abin da kika rubuta da hannunki ba ki lura ba: kofuna biyu. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin injuna ya fi ki sanin amfanin kwalin nan. Ya kuma san cewa ranar da aka haɗa shi, babu sauran dalilin da zai sa wani ya hau tudu da safe. Ba zai iya cewa kaɗaici ya dame shi ba, amma zai iya cewa a zo a ja masa igiya.

Saboda haka ki zaɓi ranakun da za ki iya zuwa ba tare da kin makara ba, ki faɗa masa su, ki riƙe su ko da ruwa ake. Ki fara zuwa shan kofin kawai, ya gani da idonsa, sannan ki kawo mai wuta. Igiyar kuma kada a yar, ta mamarku ce. Ku rataye ta a bango, kusa da bencin.

Allah ya warkar da hannun, ya bar miki shi yana tsokanarki.

Tanti Viorica