Injin da Ka Ba Sale

Zuwa ga taubashina, Habu bakanike,

Assalamu alaikum. A aji huɗun da na yi na firamare an koya mana cewa bayan sallama sai a yi wa mutum fatan yana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. To kai ka wuce wannan fatan, mu kuma lafiyar tamu sai a hankali, don haka na tsallake. Allah ya sa kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta takardar nan ba. Ko kana raye ma ba karantawa za ka yi ba, tunda ka sha cewa rubutuna kamar kaza ta bi ta kan ɗanyen siminti.

Labarin gida dai ga shi. Maman Auwalu, matarka, ta fita takaba. Gero ya yi kyau a gonarku ta bayan gari, tawa kuwa da ba ta ga taki ba ta tsaya iya gwiwa tana kallon ta maƙwabta. Fetur ya sake tashi. A gidana an koma cin tuwo sau ɗaya, kuma na shaida wa yara bakwai ɗin nan cewa likitoci ne suka ce haka ya fi lafiya. Ba wanda ya yi dariya sai uwarsu, ita ma ba irin dariyar da ake so ba. Garejinka na ƙarƙashin darbejiya yana nan, sarƙar ɗaga inji tana rataye inda ka bar ta.

Maganar da ta sa na ɗauki biro ta inji ce. Ka san ta, amma bari in faro daga tushe, tunda yau ce rana ta farko da ba za ka iya katse ni ba.

Ni da Sale Dogo kowa yana da a-kori-kura, amma gangar jiki kawai muka mallaka: bodi da taya da sitiyari. Zuciyar taka ce. Injina biyu ka haɗa da hannunka, ka ɗora wa kowannenmu ɗaya, ka shafa wa murfin nasa jan fenti, nawa kore. Sharaɗinka shi ne kana da kaso a kowane lodi, kuma ba mahalukin da zai sa sifana a jikinsu sai kai. Ko baƙin mai ban isa in canza ba. Kullum aka sallame asuba sai mu ɗauki tumatir daga fadamar Wasai mu kama hanyar Yankaba. Wanda ya riga shiga kasuwa shi yake samun dillalai da yunwarsu. Wanda ya zo daga baya sai ya tarar an ƙoshi, rana ta fara dafa masa kaya, a taya masa kwando kamar ana yi masa alfarma. Manoma kuma ba makafi ba ne, motar da take riga isa suke bai wa kayan kirki.

Shekara goma sha huɗu, Habu. Sau nawa na riga Sale? Sau biyu. Ɗaya tayarsa ce ta fashe, ɗaya kuma ana sunan ɗansa bai fito ba. Ni ne har na sa aka rubuta wa motata "Sannu ba ta hana zuwa" a baya, don in riga mutane yi wa kaina dariya.

Amma a cikina ba dariya nake yi ba. Na tabbatar wa raina cewa injin kirkin ka ba shi. Ni da kai kakarmu ɗaya, tabarma ɗaya muka yi wa fitsari, shi kuwa daga Rimin Gado ya zo cin rani ya zauna. Me ya fi ni? In ka kara sukudireba a kunne kana sauraron injinsa, sai in ga kana lumshe ido kamar mai jin karatun gwani. In ka zo kan nawa sai ka yi tsaki. Na ƙirga, ka sani? Nasa kana daɗewa a kai. Na sha faɗa maka a cikin wasa, kai kuma ka ce inji ba ya tuƙa kansa. Wasan taubasai ya rufa mana asiri ni da kai, domin duk abin da na faɗa da gaske sai ya wuce a matsayin tsokana.

Kwanakin baya Rabi, babbar 'yata da take koyarwa a Gezawa, ta nuna mini tseren motocin Turawa a wayarta, irin masu kwanciya a ƙasa kamar ƙadangare. Ta ce a can ma haka ake yi: wani kamfani ne yake ƙera inji ya bai wa ƙungiyoyi biyu ko uku, su kuma su ƙera jiki su kawo direba. Ta ce doka ta ce injinan su zama iri ɗaya, amma wanda aka bari a baya ba ya rasa gunagunin cewa ɗan gaban goshi aka ba na kirkin. Na ce ashe ina da 'yan uwa a Turai. Da kana nan da na kawo maka wayar har gareji na ce ga shaida.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Ranar da ciwon ƙirjin ya kayar da kai, da hantsi, Auwalu ya zo ya gaya mini. Na sa takalmi na fito. Da na karyo kwanar gidanku sai na hango motar Sale a ƙofa, ana shimfiɗa katifa a baya. Na tsaya. Na ce a raina, to, ko a wannan ma mai sauri aka kira. Na juya na koma gida na zauna kusa da motata, ina jiran a sake aikowa a roƙe ni. Ba a aiko ba. Da azahar labari ya zo cewa motar ta tafasa a Jogana, sun tsaya gefen titi suna jiran ta huce, kana kwance a baya rana tana dukanka, kuma kuna isa asibiti ba a daɗe ba ka cika. Habu, kafin kuka ya zo mini, akwai wani abu da ya riga shi zuwa. Wata 'yar murya ce ta ce, ga jan injin naka nan. Allah ya yafe mini. A maƙabarta ma da Sale ya shiga kabari ya karɓe ka, ina tsaye ina hawaye ina kuma jin haushin ba ni aka ce in shiga ba. Wane irin mutum ne yake kishi a bakin kabari?

Bayan an raba gado injinan suka faɗa hannun Maman Auwalu da yaranta, suka ce a ci gaba yadda ka tsara. Nan na ga dama ta samu. Na tara liman da mai unguwa, na yi jawabi mai tsawo har da karin magana. Na ce ina da baki tara a gida, na ce an daɗe ana yi mini rashin adalci amma ba zan kama sunan mamaci ba, alhali kowa ya san sunan wa na ƙi kamawa. Na nemi a yi musaya, a ba ni mai jan murfi. Sale ya buɗe baki zai yi magana, na ce kada ya soma. Ya dube ni, ya ce ya yarda. Da ina da hankali da saurin yardar nan ya tsorata ni.

Ranar Asabar aka kira wani bakanike daga Bacirawa. Aka ɗaure mai jan murfi da sarƙarka, aka ja shi sama a reshen darbejiya, yana lilo. Na durƙusa ina leƙa ƙasansa kamar mai duba saniyar da zai saya. Sai na ga tabon.

Ka tuna shi. A shekararmu ta uku injina ya yi zafi a hanya, ni kuma gwanin dabara na ɗebo ruwan rijiya mai sanyi na sheƙa masa, ya tsage a gefe. Kwana biyu ka yi kana masa walda kana zagin kakata, wadda take kakarka. Waldar ta bar tabo mai lanƙwasa kamar jelar kunama, kuma tun ranar injin bai ƙara son doguwar tafiya ba tare da ya nemi tafasa ba. Wannan tabon ne a jikin injin Sale, ƙarƙashin jan murfi.

Sale ya ja ni gefe ya gaya mini. Shekara shida ke nan, lokacin da tsutsa ta cinye tumatir, na kwanta taifot mako biyu. Ka je ka same shi ka ce gidana ba zai ɗauki wata asarar ba, ka roƙe shi ya karɓi fasasshen ya bar mini lafiyayyen. Kuka sauya su, ka mayar da kowane murfi motar da aka saba ganinsa. Shekara shida ina tuƙa injin da nake kwana ina mafarkinsa, kuma shekara shida Sale yana riga ni da wanda na fasa, yana lallaɓa shi da jarkar ruwa a gefen kujera. Ashe shi ba ya tsayawa shan shayi a Gunduwawa. Ashe ba ya tsayawa ba wa masu faci labari. Ashe giyar da nake sakawa kamar ina dakan sakwara tana da nata hakkin a kaina.

Kuma injin da ya tafasa da kai a Jogana nawa ne. Lafiyayyen yana ƙofar gidana a ranar, da mai a cikinsa, ina zaune a inuwarsa ina fushi. Na san ajali ba ya jiran inji, liman ya faɗa mini, ni ma na faɗa wa kaina. Amma da ka yi tafiyarka ta ƙarshe ba tare da an shanya ka a gefen titi ba.

Ka zaci daga nan kishin ya mutu? Ina! Sabo ya tsiro. Shekara shida kuna da magana ku biyu wadda ba ni a ciki. In na zo gareji ina ƙorafin koren murfi, wane irin kallo kuke yi wa juna in na juya baya? Shi ka iya zuwa ka roƙa abu mai nauyi haka, don ka san zai ɗauka. Ni me ka taɓa roƙona? Ko aron sifana ba ka taɓa yi a wurina ba. Shi ka ba shi amana, ni ka ba ni inji. Ka faɗa mini, wa aka fi so a nan? Na juya tambayar nan ta kowace fuska, kowane gefe da ƙayarsa.

Na tambaye shi dalilin da ya sa kuka ɓoye mini. Ya ce kai ka hana. Ka ce in na sani ba ni da sauran wanda zan ɗora wa laifi sai kaina, kuma ba ni da ƙashin ɗaukar wannan, gara in ci gaba da ɗora maka tunda ka saba.

Sale ya ce a mayar da kowanne inda aka ciro shi, ba wanda zai ji. Na ƙi. Na riga na yi jawabi a gaban liman, da wane bakin zan koma? Haka aka ɗora mini abina da jan murfinsa, mutane suna yi mini murna. Makon jiya waldar ta fara tsatsafo da ruwa. Na Bacirawa ya duba ya ce shi ba zai taɓa ta ba, wanda ya yi ta kaɗai ya san yadda ya yi. In ta buɗe, tuwon sau ɗayan ma ya tafi.

Don haka gobe in Allah ya kai mu zan je gidan Sale, da ƙafa, in cire hula in roƙe shi abin da ka riga ka roƙa mini tun shekara shida. Zai yarda, shi ne abin haushin. Daga can zan biya in gaya wa liman da mai unguwa gaskiya, su yi dariyar da suka ga dama. Zan kuma ce a bar kowane murfi a kan injinsa na asali, na gaji da fenti.

Sai dai kada ka ɗauka na huce da kai. Ban huce ba, kuma ba ni da niyya. Sale ya samu sirrinka, ya samu ɗaukarka zuwa asibiti, ya samu shiga kabarinka. Fushin nan shi kaɗai ka bar mini wanda ba ya da kaso a ciki, don haka zan riƙe abina.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata maka makwanci, ya sanyaya shi fiye da yadda na sanyaya injinka. Ka riga ni isa, kamar yadda kowa yake yi. Ina tafe, sannu a hankali.

Naka, wanda kullum yake zuwa daga baya,
Idi direba