Matata ce tafintana a asibiti, ashe ɓoye mini take yi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana, don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni mutumin Kano ne, ina sayar da yadi a kasuwar Adjamé da ke Abidjan. Faransancina na ciniki ne, daga kuɗin kaya sai gaisuwa. Matata kuwa haifaffiyar Abidjan ce, ta yi boko, har dariya take mini in na ce bonjour. Sau biyu tana ɓari, wannan cikin ne ya zauna, yanzu ya shiga wata na bakwai.

Duk awo ni nake kai ta asibiti a Treichville, mu hau tasin haɗaka, woro-woro, daga unguwarmu Williamsville. Likita ta yi ta bayani fuska ba walwala, in na tambayi matata me aka ce, sai ta ce wai tansiyon ne, jini ya ɗan hau kaɗan, a rage gishiri. Ina ganin ƙafafunta sun kumbura, takalmina take sawa, zoben hannunta sai da maƙeri ya yanke, amma na ce ai ita ke jin yaren, ni wane ne.

Satin da ya wuce wata nas 'yar Damagaram ta ji ina waya da Hausa, ta tare ni ta ce, “Alhaji, har yanzu ba ku yanke shawara ba?” Na ce shawarar me? Ita ta mayar da ni wurin likita ta yi mana tafinta. Ashe hawan jinin masu ciki ne, mai tsanani. Wai mabiyiya ce ke sakin wasu ƙananan ƙwayoyi cikin jininta, ido ba ya ganinsu, su ke ɓata mata jijiyoyi. Likita ta ce har yanzu bincike ake a kansu, magani rage abin kawai yake yi, ba ya tsayawa sai an ciro yaro da mabiyiyar. In an jira tana iya jijjiga, a rasa su duka. In an ciro yanzu, yaron yana iya rayuwa, yana iya tafiya. Tuni aka ce a kwantar da ita, ta ƙi.

Da muka koma gida na yi faɗa, ta yi kuka. Ta ce ta san ina ji zan ce a ciro, ita kuma ta gaji da dawowa daga asibiti hannu rabbana, in bar ta yaron ya ƙara ƙwari. Ta haɗa ni da Allah kada in gaya wa Hajiyarta da ke unguwar 220 Logements, don Hajiya kaɗai ce ba ta iya yi wa musu. Na ce to, wallahi ban san me ya sa na ce to ba.

Ina son yaron nan, amma tsoro nake ji. Yau da safe ta kawo mini shayi, ta saki kofin a gefen tebur ya tarwatse, ba ta ga inda teburin ya ƙare ba. Na riƙe hannunta, ta yi murmushi ta ce, “Ça va, Alhaji.” Wannan kam ba sai an fassara mini ba, wai lafiya lau, na san ba gaskiya ba ne.

'Yan uwa, in karya alkawari in kira Hajiya yau? In yaron bai rayu ba, da wane ido zan kalli matata?