Kan Tsohon Manomi Yana Ɗakin Inna

Faruku,

Na wuce kasuwar Guci, ban tashe ka ba.

Ruwan robar silikon da ka zuba jiya ya daskare. Na buɗe mazubin, kan tsohon manomin fim ɗinka ya fito lafiya, wannan karon babu kumfa ko a kunne. Ina wanke shi Inna ta shigo. Ta daɗe tana dubansa, ta ce, "Wannan ai babanku ne, Allah ya jiƙansa." Na ce 'yar tsana ce, motsa ta za ka riƙa yi kana ɗaukar hoto. Ta naɗe shi a mayafinta ta shige ɗaki.

Kada ka tambaye ta. Sauran silikon zai isa zubi ɗaya. Kafin ka zuba, ka sake wa tsohon wata fuskar.

Yayarka, Gumsu