Zuwa Ga Kawu Ado, Wanda Ya Hana Ni Keken Tsere

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga ƙanin mahaifiyarsa, Kawu, ina fatan kabarinka yana cikin haske.

Kana tuna shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano? Fetur ya yi tsada, albashi ba ya kai mu ƙarshen wata, kuɗin acaɓa ya gagare ni. Ga shi an mayar da ni koyarwa firamaren Garo, ina kwana a Kabo. Sau uku hedimasta yana yi mini kashedi kan makara, na huɗun takardar tuhuma ce.

Na zo rumfarka ta gyaran keke na ce ka raka ni kasuwar Gwarzo. Raina ya riga ya faɗa kan wani jan keke na gwanjo, siriri, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Ni kuwa ka san ni, yadi goma ne rigata.

Ba ka hana ni hawa ba. Ina zama, tayar baya ta kwanta, sirdin ya ɓace a ƙarƙashina. Mai keken ya dafe kai yana salati, masu sayar da rake suka yi ta dariya. Kai ko murmushi ba ka yi ba. Abin da ka ce kawai shi ne, “Ɗan nan, ba a aza buhun gero a kan ɗan akuya.”

Sai ka ja ni wurin wani baƙin keke mai sanda biyu, mummuna, mai faffaɗar taya. Ka tsuguna kana matsa wayoyin ƙafarsa bibbiyu, ka buga gargaren da ɗan yatsa kana saurare. Shi ka sa na saya, na yi fushi har gida. Kwana biyu ka yi kana sake ɗaure ƙafar baya da wayoyi masu kauri, ka sa sirdi mai faɗi kamar faifai.

Makon farko na sha wuya. Gumi har cikin takalmi, a hawan nan na bayan gada sai na sauka na tura. Amma ban ƙara makara ba.

Akwai abin da ban sani ba sai ranar sadakar ukunka. Malam Isa mai shayi na bakin hanya ne ya gaya mini: duk makon nan kana bina a baya da naka keken, da famfo da kayan faci a kariya, kana barin tazara don kada na ganka na ji kunya. Sai ka ga na shiga makaranta, ka zauna ka sha shayi, ka juya.

Kawu, mako guda kana bayana, ban waiwaya ba ko sau ɗaya.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya sa ka tsallake siraɗi da sauƙi. Amin.

Naka ɗan lukuti,
Habibu