Hanyar Gidan Iya Mai Daddawa

Unguwar Kusugu, Daura,
9 ga Afrilu, 2003.

Zuwa ga Yayana Nu'uman,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Hadijatu da yara duka a can Kumasi. Allah Ya yi wa kasuwa albarka, Ya raba ku da ciwo. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya sa kowa neman inuwa. Ƙanwarmu Rahmatu ta sauka lafiya, an sami mace. Auta yana Mashi wajen dabbobinsa, sai ranar Juma'a muke ganinsa. Iya kuwa gwiwar ce dai, idon ma ya ƙara rauni, amma bakin nan nata ko kaɗan bai tsufa ba.

Wasiƙarka ta iso. Sau uku Iya ta sa na karanta mata wurin da ka ce za ka zo kafin azumi. Washegari ta aika aka sayo mata kalwa, ita da ta bar yin daddawa shekara huɗu saboda gwiwa, wai ta tuna ba ka shan miyar da ba daddawarta. Ƙarshen wasiƙar ne ban karanta mata ba, inda ka roƙe ni a asirce in zana maka hanyar gida daga tasha, don kada a ga ɗan Daura yana tambayar gidan ubansa. Ka hana a je taryenka, wai kai ba baƙo ba ne, ka kuma ce in taswirar ba ta samu ba gara ka ɗaga tafiyar sai baɗi. Yaya, na yi dariya har da hawaye, daga baya raina ya ɓaci. Shekara ashirin da uku muna jin baɗin nan naka, mun ƙoshi da shi.

Ka yi sa'a mijina Malam Musaddiq shekara biyu ke nan yana haɗa wani littafi: taswirorin unguwannin Daura, kowace da maƙala a gefenta kan tarihin wurin. Ya zana inda ganuwa ta bi, ya zana ƙofofi da marina da rijiyar Kusugu, har da farantina yake zana da'ira. Takardu sun cinye min rabin ɗaki. Na ce to ga ranar amfaninsu ta zo. Ya ce aikin yini ɗaya ne. Abin da ya kawo min kuwa layuka ne tsaf-tsaf da sunayen tituna irin na jikin allunan hukuma. Na juya takardar sama da ƙasa, ban gane unguwar da aka yanke min cibi ba. Na ce masa ni ban taɓa jin mai kabu-kabu ya kira ko ɗaya cikin sunayen nan ba, balle kai da ka tafi tun ba a kafa allunan ba.

Sai ya ce a kira dattawa su ba da kwatance irin wanda za ka gane. Aka zauna a zauren Iya, da Baba Mati tsohon direba da Alhaji Maliki mai hatsi. Baba Mati ya ce daga tasha a miƙe sai tsamiyar makafi, a yi dama. Tsamiyar nan an sare ta tun kafin aurena, tashar ma da yake nufi an tashe ta. Alhaji Maliki ya ce a'a, a sinima ake karyawa. Sinimar kuwa tun da Shari'a ta zo ta zama Islamiyya, amma har yau in ka tambayi yaro inda yake karatun hadisi zai ce maka a sinima, uwarsa ta kai masa ranƙwashi.

Abin bai yi daɗi ba sai da aka zo inda lungunmu ya rabu biyu. Ka san duk gari kwanar gidan Magajiya ake cewa, saboda matan nan masu zaman kansu da suka taɓa zama a wurin. Sun watse tun zuwan Shari'a, gidan ya zama ma'ajiyar buhuna. Da Malam ya tambayi dattawan nan daidai inda gidan yake, sai kowa ya hau a'uziyya, suka ce su ko labarinsa ba su taɓa ji ba. Malam ya ɗiga alama a hagu. Nan take Alhaji Maliki ya ce a dama yake. Baba Mati ya ƙara da cewa ƙofar yamma take kallo, koriya ce, kuma dokin ƙofar yana da tsawo, sai an ɗaga ƙafa. Can sai su biyun suka tuna la'asar ta gabato, alhali ko ƙarfe uku ba ta yi ba. Ina bayan labule da tiren shayi, da ƙyar na kai shi ƙasa lafiya don dariya.

Daga ƙarshe Malam ya yanke shawarar biro biyu: baƙi na abin da ke nan, ja na abin da ya shuɗe amma ake kwatance da shi. Da ya gama, jan ya fi baƙin yawa. Shi dai murna kamar an yi masa kyautar doki, ya zauna ya rubuta maƙala shafi tara, wai Daura biyu ce, ta ƙasa da ta bakin mutane, kuma ta bakin ce ake bi. Na ce masa Allah Ya ƙara basira, amma ni hanya na aike shi nema.

Don a tabbatar, muka gwada taswirar da Malam Suhaibu, wani abokin aikinsa Bazazzagi da aka turo garin kwanan nan. Aka sauke shi a tasha da hantsi, aka ce ya nemo gidan Iya mai daddawa, kada ya tambayi kowa. Bawan Allahn nan ya nemi tsamiya bai gani ba, ya faɗa marina, ya zagaya Kusugu sau uku har mai kula da rijiyar ya ɗauka mai ziyara ne ya fara ba shi tarihin maciji. Sai bayan azahar muka ji sallamarsa, ya jiƙe sharkaf da gumi, taswirar a ninke cikin aljihu. Malam Musaddiq ya tambaye shi wace alama ce ta kawo shi, baƙa ko ja. Ya ce babu ko ɗaya. Yana tsaye ya rasa gabas, sai iska ta juyo. Ashe a ranar Iya ta buɗe daddawarta da ta kwana uku a rufe, shi kuwa ya bi hancinsa har ƙofar gida. Ranar mijina bai ci abincin rana ba.

To, Yaya, ka yafe min, asirinka ya tonu. Iya ta tsare ni da tambayar abin da ya sa baƙo ke yawo a rana da takarda, na kasa yi mata ƙarya. Na faɗa mata komai, har da batun biro biyu. Na zata za ta yi dariya ta kira ka da sunan nan na yarinta. Ba ta yi ba. Sai ta hau murza gwiwa, ni kuwa kunya da tausayi suka rufe ni.

Ga taswirar nan na saka a ambulan tare da maƙalar, don Malam ya ce ba ya raba su. Ka gaishe min da Yaya Hadijatu da Zubaida da Ummukulsum da sauran yara. Malam yana gaishe ka, haka Auta da Rahmatu. Baba Mati ma ya ce a gaishe ka, ya kuma ce maganar koriyar ƙofa a bakin fasinja ya ji ta.

Saƙon Iya na bari ƙarshe. Ta ce daga farkon Sha'aban duk mako za ta ɗora kalwa, ko da rarrafe ne, har ranar da ka shigo. Ta ce in ka sauka ka bi hancinka, in hancin ya ƙi ka buɗe baki ka yi tambaya, ba wanda tambaya ta taɓa kashewa. Ta ce an sare tsamiya, an tashi tasha, Babanmu ya tafi, ita kaɗai ta rage a inda ka bar ta, kuma ka zo tun tana cikin baƙin biro, kafin Malam ya sa mata ja.

Taka ƙanwa mai jiran ganinka,
Barakatu.