Agogon da Ya Hana Ni Baƙon Sallah

Daura, mako uku bayan Ƙaramar Sallah.

Zuwa ga angona Yazid, a Fatakwal.

Ƙulun ƙulufit! Tun kafin gaisuwa ka canka mini wannan: kullum taku dubu tara, wata uku cur, amma ko zaure bai taɓa leƙawa ba. Mene ne? Kada ka leƙa ƙarshen takarda, na san halinka tun kana ɗaga murfin tukunyata.

To, yanzu assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar tsohuwar matar da aka ajiye a Daura aka manta. Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka, Allah ya ƙara rufa asiri, ya tsare ku a bakin ruwan nan. Nan muna lafiya, sai gwiwa. Kawunka Jafaru yana Baure yana sharar gona, ya aiko mini da zabi biyu. Gwaggonka Sumayya ta bugo waya daga Mashi ranar idi, muna cikin gaisawa katinta ya ƙare.

Abin da ya sa na ɗauko biro da wannan rubutu nawa na ajin yaƙi da jahilci, laifi zan amsa. Ka tuna da likita ya ce jinina ya hau, ka aiko mini da agogon nan mai ƙirga taku, ka ce in shiga cikin matan unguwa da ke zagaye bayan sallar asuba, kai kuma kana ganin lissafin a wayarka. Na ce to. Yazid, sau ɗaya na fita. Ban kai bakin masallaci ba mutum uku suka tambaye ni ina zuwa, ko an yi rasuwa ne. Ni da na shekara saba'in ban taɓa saka mayafi ba sai da dalili, suna ko biki ko gaisuwa, me zan ce? In ce yawo? Da Saudatu aminiyata tana raye da mun tafi tare muna zagin masu tambaya, to bara ta riga ni. Na juyo gida na tura takalmana ƙarƙashin gado. Agogo kuwa na sama masa inda zai riƙa wuni, da yamma ya dawo kusa da waya ya kai maka labari.

Kai kuma ka yi ta murna. Kullum ka bugo ka ce Iya ta fi 'yan ƙwallo, har da azumi lissafin ƙaruwa ya yi. Ni ma ina jin daɗin wayona, in kashe waya in yi ta dariya ni kaɗai. Sai ana saura kwana biyar Sallah ka ce tunda jiki ya yi kyau haka, ga ƙawaye na samu, hankalinka ya kwanta, zuwan da ka shirya ka ɗaga shi sai wani lokaci. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, kunya ta rufe shi. Na riga na sa an wanke ɗakin kakanka, an shanya katifa.

Ranar Sallah na yi tuwon shinkafa da miyar taushe kamar na mutum goma, don hannuna bai iya kaɗan ba. Na yi kwalliya na zauna a tsakar gida. Ina jin hayaniyar masu dawowa daga idi ta bayan katanga, kowa yana shiga gidansu. Har azahar babu wanda ya yi sallama, sai kaji. Zabi biyu a tukunya, mai ci ɗaya, ita ma ba haƙora.

Wajen la'asar sai ga Haulatu da mata shida. Ita ce ke jan matan zagayen, malamar firamare ce, ba wanda yake biyanta ko sisi, na'urar awon jinin ma da kuɗinta ta saya. Ashe ranar Sallah suna bin gidajen tsofaffin da ba su da kowa a kusa, kuma wai ina cikin jerin. Wannan ya yi mini ciwo, sai na ɗauko waya ina nuna musu taku dubu tara don su san ba ni da buƙata. Haulatu ta auna ni, ta danna ƙafata da yatsa wurin ya lotsa, ta karɓi agogon ta shinshina madaurinsa, ta ce ita dai ba ta taɓa jin gumin tafiya mai ƙamshin citta da kanumfari ba. Matan suka kwashe da dariya, ni ma na taya su, daga nan ban san lokacin da ta koma kuka ba. Ba wadda ta ce in yi shiru. Suka wanke hannu suka cinye tuwon nan tas, har ƙanzo.

Washegari da sassafe Haulatu ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ta ce in an tambaye ni ina zuwa, in ce dubiya, kuma ba ƙarya ba ne, don kullum zagayensu yana ƙarewa a gidan wani maras lafiya. Yau kwana ashirin ina fita. Takuna na gaskiya dubu ɗaya da ɗari uku ne, shi ya sa ka ga lissafi ya faɗi, kada ka ce agogo ya lalace. Kumburin ƙafa ya saɓe, jinin ya ɗan sauka, ina barci. Ka sa waɗannan mata a addu'a, Allah ya biya su, ni ba ni da abin biyansu. Amma ƙarfe bakwai kowace ta koma ga mijinta da 'ya'yanta, ni in dawo in tarar da gidan yadda na bar shi.

Saboda haka ga gaskiya na faɗa. Ban warke ba, ban fi 'yan ƙwallo ba. Babbar Sallah saura wata biyu ba kaɗan. Ka zo. Ɗakin yana nan a wanke.

Ka gaida Yasmin da ta ƙwace mini miji, ka ce na yafe in ta zo da kai. Ka shafa mini kan Abdulmuhaimin, sabon angon da ban taɓa gani ba sai a hoto. Haulatu za ta ɗauki takardar nan a waya ta tura maka, tana gaishe ka.

Taka har kullum,
Iya Delu.

Na san ka kasa, kuma ba na son gari, kai nake so. Hannun Hasana mai fura ne, maƙwabciyata. A nan agogonka ya yi ta wuni, tana daka.